Yadda Biri Ya Sa Aka Kori Jemage

Kakarmu Inna Hajo mai daddawa ce, a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Tsafe. Duk ranar da za ta dafa kalwa, tun la'asar take ɗora babbar tukunya, domin kalwa ba ta nuna da wuri. Bayan sallar isha'i sai mu jikokinta mu kewaye murhun, ita kuma tana tura icce tana ƙara ruwa. Ba ta yarda mu zauna haka kawai ba. Ko ta ba mu gyaɗa mu ɓare, ko ta ba mu tatsuniya, wani lokacin duka biyun.

Wata rana jemagu suka cika ɗorawar bayan gida da hayaniya, yayana Sani ya ce gobe zai ɗauko danƙo ya rage su. Inna ta dube shi ta ce, "Mai gidana, mi sunka ci maka? Matso kusa, ga wata nan tahe gare ku."

Muka ce ta zo mu ji ta.

Ta ce a wani daji akwai Ɗorawa mai yawan baƙi. Zuma na zuwa, Cilakowa na zuwa, Biri kuwa kusan a kanta yake kwana. A lokacin Jemage da rana yake kiwo kamar kowa. Da Ɗorawa ta fitar da jajayen furanninta, sai ya zo ya tsoma fuska yana sha, ya tashi da ƙurar fure a gashinsa ya nufi wata bishiyar. Biri ya ga haka ya ji haushi. Ya tara namun daji ya ce wannan abu, shi ba tsuntsu ba shi ba ɓera ba, yana shanye fure tun bai zama abinci ba. Babu wanda ya taɓa ganin amfaninsa, saboda haka babu wanda ya tsaya masa. Aka kore shi zuwa kogon dutse.

Shekarar nan Ɗorawa ta yi fure kamar ba ta taɓa yi ba, amma furen ya bushe ya zube, 'ya'ya sai ɗaiɗai. Yunwa ta kama Biri ya fara shiga gonakin mutane, mutane suka biyo shi da karnuka har cikin daji, Gada da Zomo da ba su san hawa ba balle sauka su ma suka rasa barci. Ɓaure ma ya daina ganin 'ya'yansa suna tsirowa a nesa, don mai kai masa iri ba ya nan.

Sai namun daji suka je wurin Ɗorawa su ji dalili. A nan Inna takan rage murya ta zama Ɗorawa. "Ku kunka zo tambaya ta? Ni ba ni da ƙahwa. Wanga da kunka kora, shi ka kai saƙona wurin 'yar'uwata ƙetaren rahi, shi kawo min nata. In babu saƙo, babu ɗiya."

Biri ya je bakin kogo ya yi ta ba da haƙuri. Jemage ya ce zai koma saboda Ɗorawa, amma ba zai ƙara haɗa ido da Biri ba. Shi ya sa har yau sai duhu ya yi yake fita. Inna ta ce ƙurunƙus kan ɓera, wanda bai yarda ba ya je kogo ya tambaya. Sani bai ɗauko danƙon ba.

Ina yaro, na ɗauka darasin shi ne kada a tsani mummuna. Sai da na girma, na yi ɗan lambun mangwaro a bakin gulbi kusa da Bungudu, sannan labarin ya sake zuwa mini da wata fuska. Jemagu suka dame ni da ɓarna. Maƙwabcina Malam Garba ya ce mu sare tsohon ɓauren da suke kwana a kai, masu gawayi ma za su yi murna.

"Malam, kowace safiya ga mangwaro a ƙasa an ciccije," in ji shi. "Har yaushe?"

Gaskiya ya faɗa, kuma shi da lambun yake ciyar da iyalinsa. Amma daga inda muke tsaye ina hango ɗorawoyin da matan ƙauyen ke tsinka, su kaɗai suka rage, tunda dajin da ake shiga da can yanzu ba mai shigarsa sai da tsoro. Na roƙe shi mu bar ɓauren, mu riƙa tsinke mangwaron da zarar ya ƙosa. Ya yarda, ba da son ransa ba.

Har yanzu muna asarar wani abu kowace shekara, kuma Malam Garba bai daina yi mini mita ba. Ba zan rantse cewa jemagun nan ne kaɗai ke riƙe da ɗorawoyin ba, ilimina bai kai nan ba. Abin da na fahimta shi ne, ɓarnar halitta a fili muke ganinta, aikinta kuwa sau da yawa muna barci take yinsa. Shi ya sa hannuna ke nauyi kafin in ɗaga gatari a kan abin da ban san wa yake yi wa aike ba.