Rakiyar Hafsatu Zuwa Duba Sikelin Maradun

Talata Mafara

Muna idar da sallar asuba muka fito, ni da 'yata Hafsatu. Tafiyar tata ce, ni ɗan riƙon jaka ne. Kwamfuta ta karanta, kuma bara ta haɗa wa ƙungiyar manoman shinkafa sikeli uku masu fuska irin ta waya, don manomi ya ga nauyin buhunsa da idonsa. Na Mafara da na Bakura lafiya lau. Na Maradun kuwa, in an kunna shi sai ya nuna tambarin ƙungiya, ya ɗan jima, sai fuskar ta yi baƙi ƙirin. Manoma suka ce ba su yarda da sikelin da ke rufe ido lokacin awo ba. Shugabanni suka aiko cewa in bai gyaru a ranar tafiyarmu ba, za su dawo mata da duka ukun.

Ni tsohon malamin gona ne, a sanina abu ko ya lalace ko bai lalace ba. Wanda zai yi sallama sannan ya suma, shi nake son in gani.

Hafsatu ta ce sai mun fara duba mai lafiya. Na Mafara yana kulle a sito, don haka muka shiga ƙaramar mota zuwa Bakura, mu huɗu a baya, gwiwata a haƙarƙarin wani mai awaki. A shinge, jami'i ya leƙa jakar ya ga wayoyi kala-kala.

"Baba, mene ne wannan?"

"Tambayi injiniya," na ce, na nuna ta. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce mu wuce.

Bakura

Mai kula da sikelin, Malam Isiya, ya tare mu da gaisuwa har da ta mutanen da ban san ya sani ba, ya kawo kunu da ƙosai. Hafsatu ta jona waya daga cikin sikelin zuwa kwamfutarta ta kunna. Rubutu ya yi ta gudu. Na ce ta fassara mini da Hausa.

"Baba, ma'aikata biyu na ciki. Na farko sunanai butloda. Shi ka fara tashi, ya ba fuska wuta, ya tada agogonta, ya nuna tambari, ya miƙa aiki ya tahi."

Na tambayi inda agogon yake. Ta ce ba na duba lokaci ba ne, bugu ne mai sauri da kowane sashe ke bi, in ya tsaya sashen ya tsaya. Mai karɓar aikin shi ne kanal, babban mai gida. In ya zauna daram sai ya zagaya, duk wuta ko agogon da ba wanda ya ce nasa ne, ya kashe don tattalin batir. Akwai kuma wata ƙaramar manhaja mai kula da fuska, ita ya kamata ta iso da wuri ta ce waɗannan nata ne.

"Ashe irina ne," na ce. "Ɗakin da ba kowa, in kashe ƙwan lantarki."

"Haka nan. Har da ranar da ka kashe ma Inna tana wanka."

Malam Isiya ya ƙware da kunu. Ita kuwa ta nuna mini layin da mai kula da fuska ta iso, tun kafin zagayen mai gida. Ta adana shi, muka yi sallama.

Maradun

Sai da muka dawo ta Mafara muka sake mota. Hanyar ta ratsa fadamu, ga shinkafa an yanke ana bugu. Amma yankin ba tsaro, kowa idonsa na kan hanya. Mun isa da hantsi, buhuna jere a ƙofar sito, masu su na zaune a kai, ba mai fara'a.

Sakataren ƙungiya, Malam Sanusi, tsohon akawu ne mai biro uku a aljihu. Aka kunna sikeli. Tambari ya fito, na ƙura masa ido, ina kallo ya ɗauke. A kwamfuta kuwa rubutu bai tsaya ba, wato injin na raye. Hafsatu ta sa yatsa kan wani layi: mai gida ya kashe wutar fuska, sai daga baya mai kula da ita ta iso a makare. Ta kwance bayan sikelin, ta zaro ɗan katin da manhajojin ke ciki, ta juya shi.

"Malam, wanga ba katina ba ne."

"Ƙwarai," ya ce, har da gyara hula. "Ai ba a aiki da asali, ɗiyata. Na kai ma mai turin waƙoƙi a kasuwa ya kwahe shi tas. Naki na akwati tare da takardun gona."

Dariya ta zo mini, tausayi ya danne ta. Mutumin da ya yi shekaru yana ɓoye asali yana miƙa kwafi, wa zai ce ya yi laifi? Sai dai katin kasuwa nawa gare shi wajen karatu, shi ya sa mai kula da fuska ke makara.

Na ce to a ɗauko asalin mu huta. Ta ƙi. Ta ce shi ma wata rana zai tsufa ya yi nawa. Matsalar ita ce ta rubuta manhajar da zaton kullum za ta tarar da wuta da agogo a kunne yadda butloda ya bari. Dole ta koya mata kunna komai da kanta.

Ta zauna kan buhu tana rubutu har aka kira azahar. Matar sakatare ta aiko da hoce da soyayyen kifi, ni na ci rabona da nata. Gwajin farko, fuskar ta dawo fari fat, ba lamba ko ɗaya. Wani ya ce, "Da baƙi, yanzu hwari." Hafsatu ta ce ta tada agogo kafin wuta ta zauna. Ta sa a fara ba da wuta, a ɗan jira, a tada agogo, sannan a tashi fuska. Aka sake kunnawa da katin kasuwar. Tambari ya fito, ya ɗauke, sai ga sifili ya bayyana ya tsaya.

Wani dattijo, Baba Ɗanjimma, wanda aka ce shi ya fi kowa ƙin sikelin, ya miƙe. Ya kashe da hannunsa ya kunna, ya sake. Sannan ya tuɓe takalmi ya hau.

"Sittin da ɗaya," ya karanta. "Asibiti shekaranjiya sittin sunka ce."

Dattijon ya dubi jikinsa, ya cire rediyon da ke rataye a wuyansa ya miƙa mini. Lamba ta sauka sittin.

"Ku kawo buhuna," ya ce.

Komawa

Mun kamo hanya bayan la'asar, don ba mai son dare ya same shi a wannan hanya. Ba mu yi nisa ba barci ya kwashe Hafsatu, kanta a kafaɗata, rabon da ta yi haka tun tana firamare. Kafaɗar ta sage, ban motsa ba har tashar Mafara.

Mun shiga gida ana kiran magariba. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da mutanen Bakura da Maradun da suka ciyar da mu. Da uwarta ta tambayi yadda aka yi, yarinyar cewa kawai ta yi, "Ya gyaru." Sauran labarin ni na ba da shi, kuma ban rage komai ba.