Maganin da Ya Faɗi a Hannunmu

Jiya maƙwabciyata a unguwar Rumde ta ce mura ta shiga kajinta, sai na tuna Baffa, dattijon malamin da ya duba aikina na digiri na biyu. A shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Jimeta ne muke gwada wani magani a kan murar tsuntsaye. Ba kaji muke ba maganin ba, ƙwayoyin halitta ne da muke reno a ƙananan farantai, mu sa musu cutar mu ga ko maganin zai cece su.

Kullum da safe, ɗakin gwajin na warin maganin kashe ƙwayoyin cuta, Baffa yakan sunkuya kan farantan ya gaishe su da Fulatanci: "On mbaali jam?" Wato ko sun kwana lafiya.

Wata rana na tarar duk sun mutu, har waɗanda na ba magani. Na ɗauka digirin ya tafi.

"Baffa, wataƙila ni na yi kuskure. Ko in sake?"

"Sau nawa kika sake?"

"Da yawa."

"To 'yata, magani ne ya faɗi, ba ke ba. Rubuta abin da kika gani. So kike wani ya saya ya dogara da shi?"

Na rubuta, aka kuma karɓi aikin. Ba zan ce na daina fargaba ba, amma tun ranar ban ƙara jin kunyar cewa abu bai yi ba.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka makwancinsa, ya saka masa da Aljanna.