Ranar da Inna ta kwance soket

Innarmu tela ce. Shekara talatin da ɗoriya tana ɗinka labule da zanen gado a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar gida, har feda ta ci mata tafin ƙafa. Baba kuwa gyaran wuta yake yi. Duk unguwa Injiniya ake ce masa, ko da yake a bakin aiki ya koya. Tun ina ƙarama, in wani abu ya lalace a gida, shi ke hawa tsani, ita ke riƙewa. Ya ce miƙo filaya, ta miƙa. Ya ce haska nan, ta haska. Ban taɓa jin ta tambaye shi abin da yake yi ba.

Shekara uku da suka wuce hannunsa ya fara rawa, daga baya mantuwa ta biyo. Ya daina fita aiki, akwatin kayansa ya koma ƙarƙashin gado.

Wata Asabar da hantsi na je gaishe su, na tarar an tokare ƙofar banɗaki a buɗe da bokiti. Banɗakin ba shi da taga, ga shi fitila da fanka sun ɗauke kwana huɗu ke nan. Ciki duhu, bango sai gumi yake. In Baba zai yi wanka, Inna ke tsayawa a bakin ƙofa tana haska masa da tocila.

Na ce, "Inna, bari in kira mai gyara."

Ta harare ni. "A gidan Injiniya? So kike ya daina cin abinci?"

Ta shiga ɗaki, ta fito da shi da akwatinsa, ta zaunar da shi a kujera cikin baranda. Ya ɗora akwatin a cinya yana shafa murfin.

"A canja ƙwan," in ji shi.

Ta riga ta gaya min ta canja sau biyu, amma ta hau kujera ta sake. Na danna makunni, shiru.

"Malam," ta ce, "ni abin da ya ɗaure min kai, ita ma fankar ta yi gum. Mutuwar ƙwai tana kashe fanka ne?"

"Ina! Kin taɓa ji?" Ya gyara zama. "To ba ƙwai ba ne. Wutar ce ba ta isowa. Ke, je ki duba akwatin wuta, ko wani makunni ya faɗi."

Na je na duba, duk suna tsaye. Da na dawo na gaya masa, sai ya ɗauko testar gwada wuta yana juya ta a hannu, yana kallonta kamar yau ya fara ganinta. Na san wannan kallon. Zuciyata ta karye, na sunkuyar da kai.

Inna ta ɗauki tsumma tana goge hannu, ta yi magana kamar da kanta take. "Shi ma wannan soket ɗin da nake jona dutsen guga, kwana biyu sai ya ga dama. Har wani ƙauri yake."

Baba ya ɗago. Ya dubi soket ɗin da ke jikin bango kusa da shi, ya dubi ƙofar banɗaki.

"Daga nan na ja wa banɗaki waya! Ni na ja da hannuna, shekarar da aka haifi wannan." Ya nuna ni da testa. "A kashe babban makunni tukuna. Wuta ba ta san uwar gida ba."

Na kashe na dawo. Ya matso da kujera ya sa sukurdireba, amma bakinta ya ƙi zama a kan sukurun. Ta zame, ya sake, ta zame, har ta karce fenti. Gumi ya keto masa.

"Malam, yau dai ka bar ni in koya," in ji Inna. "Shekara arba'in kana min rowar sana'a."

Ya yi dariya, ya miƙa mata.

Ta sa tabaranta na ɗinki, ta durƙusa ta kwance murfin. Ya sa ta taɓa kowace waya da testa kafin ta kai hannu. Ga laifin nan ƙuru-ƙuru: wayar da ta wuce banɗaki ta saki daga mazauninta, bakinta ya ƙone ya yi baƙi.

"Yanke ƙonannen. Feɗe kaɗan. Murza. Ɗaure da kyau, kada ki ji tausayinsa."

Yana faɗa tana yi, wani lokaci ma hannunta na riga bakinsa. Ta zura wayar a raminta kamar zare a allura, ta mayar da murfi. Na kunna wuta. Fanka ce ta fara gurnani, sannan haske ya cika banɗakin.

"Tela, ba laifi," in ji Baba. "Sai dai kin cika nawa."

"Ai laifin malamin ne."

Da ya shiga wanka, na bi ta ɗakin ɗinki na tambaye ta yaushe ta gano inda matsalar take.

"Tun Laraba," ta ce, tana gyara labule a ƙarƙashin allura. "Na daina jona komai a wurin."

"To me ya sa kika jira?"

"Kwanakin nan kansa ba ya tare da shi. Yau ya tashi garau, har ya ce shayina ya yi ruwa. Na ce to, yau ce ranar."

Ta taka feda, keken ya ɗauka. Can sai ta tsaya cak ta kasa kunne. Ta cikin ƙarar fanka muka jiyo zubar ruwa, da muryar Baba yana 'yar waƙarsa a hankali. Ta saurara har ta tabbata lafiya yake, sannan ta ci gaba da ɗinki.