Aron Kawuna

Doguwa ta daɗe tana zaman kanta a wani gidan haya bayan tashar mota. Tun tana yarinya ta iya kitso, amma masu zuwa ɗakinta ba hannunta suke nema ba.

Da ta ce ta gaji, ƙungiyar matan gidan ta kama mata 'yar rumfa a bakin titi, aka sa madubi da benci. Sai dai matan unguwa sun san fuskarta. Su leƙo, su taɓe baki, su wuce.

Ta kai kuka wurin shugabar ƙungiyar, wadda kowa ke kira Anti.

Anti ta ce, "Ke ma dai! Wa ke shiga rumfar da ba kowa? Za mu ba ki aron kawuna."

Washegari matan gidan suka cika benci, ana hira ana shewa. Wadda aka gama wa sai ta zaga kasuwa a ga kanta, ta koma gida ta tsefe, jibi ta dawo. Har wata ta ce, "Doguwa, ki ji tausayina, fatar kaina ta fara tsine miki!"

Ran nan matar mai kantin magani ta ja birki a ƙofa, ta nuna kan Anti. "Irin wannan nake so."

Yanzu sai an bi layi a rumfar Doguwa. Amma ranar da ƙungiya ta buɗe wa wata shagon wankin kai, rufe rumfarta ta yi, ta tsefe nata, ta riga kowa zama.