Ɗan Dagaci da Zabirar Wanzami

Ina da shekara arba'in da bakwai na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ba don in zama malama ba. Na gaji ne da miƙa wa mutane takardar asibiti suna karanta mini ciwona da bakinsu. Shekara biyu ina zama a benci ɗaya da matan da na girmi iyayen wasunsu, har baƙi ya buɗe mini. Da ya buɗe kuwa ban bar komai ba, takardar ƙunsa ƙosai ma sai na karanta ta kafin in yar. Daga nan na faɗa littattafan soyayya.

Sai na faɗi ko ni wace ce kafin a gane abin da ya biyo baya. An haife ni lokacin yaƙin basasa, a wani ƙauye da yanzu yake ƙarƙashin ruwan Tiga. Mu gidan wanzamai ne. Kakana na wajen uwa shi ne wanzamin gidan dagacin garinmu, haka ubansa ya yi kafin shi. Shi ke yi musu aski da ƙaho, shi ke cire wa jariransu beli, ya yi musu askar gida ran suna. Askar gidan dagaci tsaga biyu ce ƙanana a gefen idon hagu. Ta gidanmu uku ce a kumatu. Ni biyun nan ce a fuskata, kuma ba a ɗaura wa uwata aure da kowa ba lokacin da ta haife ni. Shegiya ake ce mini. Masu ɗan kara su ce mai askar aro.

Abin da na tashi da shi a raina ke nan: ɗan dagaci ya yi wasa da 'yar wanzami, da ciki ya fito ya gudu soja, can ya mutu, kakana kuma ya zana mini askarsu don ya roƙar mini gindin zama a ƙofar da aka rufe. Su ukun na raina. Shi na raina shi don ragonci, kakana don ƙasƙanci, Inna kuma don wauta. Ban taɓa tambayarta ba. Ni ce 'yar fari, ga kunya, ga wannan magana a tsakaninmu. Daga baya ta auri wani masunci a Tiga, mutumin kirki, ta haifa masa shida, ya rasu. Da yanar ido ta rufe mata gani na ɗauko ta na dawo da ita gidana. Ina ba ta ci da sha, ina wanke mata kaya, amma gaskiya hakki kawai nake saukewa. Abu ɗaya nake so in sani kafin ɗayanmu ta mutu, ko ni ɗin ragowar yaudara ce, kuma ban san ta inda zan tambaya ba.

Wata ƙawata ta aji ta ara mini wani littafi wanda bangonsa ya yage, har yau ban san sunansa ba. Labarin zamanin da ne, na dawaki da masu, ɗan sarki yana son 'yar maƙeri, ga yaƙi yana tafe. Na saba karatu da ƙarfi, don a haka na koya. Bayan la'asar na zauna a tsakar gida ina karantawa, Inna tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na kai inda ɗan sarki ya tare yarinyar a bakin rijiya yana zuba mata kalamai shafi guda.

"Ƙarya," in ji Inna.

"Inna, littafi ne fa."

"To littafin ƙarya yake. Wanda ya rubuta bai taɓa ganin ɗan manya yana so ba. Ba su iya magana ba, tun suna goye ake yin magana a madadinsu. Zuwa zai yi ya tsaya yana murza bakin rigarsa, har ki ji tausayin rigar."

Na yi dariya na ci gaba. Kashegari ita ta tambaya ina littafin ƙaryar nan. Rana ta uku ɗan sarki ya aika wa yarinyar zannuwa da sarƙar tsakiya ta hannun barorinsa. Inna ta ja tsaki.

"Wannan ba so yake ba, saye yake."

"To me kike so ya yi?"

"Ya je maƙerar ya zauna ya ja zugazugi mana, in da gaske yake." Ta fasa gyaɗa biyu, uku. Sannan ta ce, "Shi ai zabira ya ɗauka."

Na bar yatsana a kan layin da nake. A duk rayuwata wannan ne karo na farko da ta ce "shi" a gabana, kuma ban buƙaci a gaya mini wa take nufi ba. Ban yi motsi ba, tsoro nake kada ta tuna ina wurin. Ba ta juyo wajena ba, gyaɗar take ba wa labarin.

Ta ce da ya fara zuwa ƙofar gidanmu, kakana ya kore shi cikin ladabi, ya ce masa, ranka ya daɗe, mu masu taɓa kanku ne, ba masu haɗa jini da ku ba. Bayan kwana biyu ya dawo da sassafe ba babbar riga, ya durƙusa ya ce a koya masa wanzanci. Kakana ya ɗauka zolaya ce, ya miƙa masa zabira, jakar fatar nan da ake zuba asake da ƙaho, ya ce to ɗauko, kasuwar Bebeji za mu. Ya rataya. A ƙafa ya bi tsohon, yana baya tsohon yana gaba, ta tsakiyar garin da ubansa ke mulki.

"Mutane suka bar gona suka fito kallo," in ji Inna. "Ran farko kunnen wani makiyayi ya yanka, mutumin ya bi shi da sanda har bakin kasuwa. Mako mai zuwa makiyayin ya dawo da 'yan'uwansa huɗu, wai su ma ɗan dagaci zai yi musu."

Ta yi dariya har da tari. Ni ban iya dariyar ba. Na san mutanen gidan dagaci, na san ko takalminsu ba sa ɗauka da kansu. Na zauna ina ƙoƙarin ganin ɗayansu a tsugune, yana jiƙa kan manomi da ruwan sabulu, yana goge askar a tafin hannunsa.

Dagaci ya ce wanda ya wanke kan talaka ba zai sake sa hannu a akushinsa ba. Ɗan nasa bai ajiye zabirar ba. Shekara biyu ya yi da ita, har hannunsa ya faɗa, har akwai tsofaffin da suka fi son askinsa da na kakana. Sau uku yana neman auren, sau uku kakana yana cewa ba zai ba da 'yarsa inda uban miji bai buɗe mata ƙofa ba. Inna ta ce rabin maganar mutunci ne, rabi tsoro, don gonar da muke nomawa ta gidan dagaci ce.

A nan bakina ya suɓuce. Na ce, "To ni ta ina na fito?"

Hannunta ya tsaya. Na ce shi ke nan, na rufe ƙofar da kaina. Sai ta ce, "Ta inda kowa ke fitowa. Ba zan wanke miki abin da ba wankakke ba. Laifi muka yi, ni da shi, idonmu biyu, ba wanda ya ruɗi wani. Na tuba tun kafin ki iya zama, ina kuma nema masa gafara har yau. Karanta littafinki."

Ban iya karantawa ba ran nan. Sauran labarin a kwana huɗu ya fito, kullum sai littafin ya yi wata ƙaryar da za ta tsokano ta.

Da aka zo ɗaukar soja ɗan dagacin ya ba da sunansa, don ya ji an ce soja ba ya ƙarƙashin dagacin kowa, kuma ana ba shi ɗaki a bariki ya ajiye matarsa. Ya riga ya ba da sunan kafin Inna ta gane tana da ciki. Ta gaya masa da safiyar ranar da mota za ta ɗebe su daga Bebeji. Ta ce ta zaci zai ce ta yi shiru har ya dawo. Sai ya wuce ta kai tsaye ya shiga zauren gidanmu, ya durƙusa gaban kakana ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Kakana ya ɗauke shi da mari.

"Wanzami ya mari ɗan dagaci?" na ce.

"Yaronsa ya mara. Ai shi ya koya masa sana'a."

Ɗan dagacin bai ɗaga kai ba. Ya buɗe zabirarsa ya ciro askar da ya fi so, ya ajiye a gaban tsohon. Ya ce, Baba, a ɗaura yanzu in ka yarda. Kakana yana huci ya ce sai ya dawo, ba zai ɗaura aure a kan fushi ba. Sai ya ce, to in abin da ke cikinta ya riga ni zuwa, da wannan za a yi masa aska, kuma ta gidanmu za a yi, ni na ce. Ya tashi ya tafi ya hau mota. Bai dawo ba. Wani mutumin wajen Kiru da ya dawo da ƙafa ɗaya ya ce ya gan shi yana yi wa sojoji aski a bakin wani babban kogi kafin a ƙetare, bayan an ƙetare bai sake ganinsa ba.

Ran da na kwana bakwai ba rago, liman bai zo ba, maƙwabta suka rufe ƙofa. Kakana ya yi mini huɗuba da kansa, ya ɗora ni a cinyarsa, ya ɗauko askar nan ya yi tsaga biyun. Kafin azahar dagaci ya aiko a kira shi. Ya tafi da zabirarsa, ya ajiye ta a gaban dagaci cikin fada cike da mutane, ya ce, ranka ya daɗe, shekara talatin ina yi wa jinin gidan nan aska, hannuna bai taɓa ɓatan kai ba, in ba taku ba ce a kawo wanda zai goge. Aka karɓe wanzancin gidan, aka karɓe gonar. Ya koma bin kasuwanni har ya mutu, kuma Inna ta ce abu ɗaya ya yi ta nadama, da bai ɗaura auren nan da safiyar ba.

Mutumin da na ce ya zana ni don roƙo ke nan. Na tuna yadda nake murguɗa masa baki ina yarinya in ya kira ni, kunya ta rufe ni.

Muka kai ƙarshen littafin. Ɗan sarki ya dawo daga yaƙi a kan farin doki, sai ga wasu tsofaffi biyu sun fito sun ce ai an ɗaura aure a ɓoye tun da farko, su ne shaidu, yaron ɗan halak ne. Inna ta saurara har na rufe.

"Ya ji tsoro," ta ce. "Mai rubutun ya ji tsoron yaron, shi ya sa ya nemo masa shaidu. Mu ba wanda zai fito."

"To ni shegiyar ce dai."

"Mutane su faɗi abin da suka ga dama. Laifin namu ne, ba ki da kaso a ciki. Ke 'yar mutumin da ya ɗauki zabira ce."

Na san sunansa tun ina ƙarama, a bakin masu zagina na fara jinsa. Amma ranar so na yi in ji shi sau ɗaya a bakin da ba na zagi ba. Na ce, "Inna, faɗi sunansa in ji."

Ta juyo da fararen idanun nan wajena, karo na farko tun da muka fara.

"Ke, ba ki da kunya? Wace mace ce take kiran sunan mijinta?"

"Ai kin ce ba a ɗaura ba."

"Ba a ɗaura ba. Ni dai ban kira shi yana raye ba, ba kuma zan fara yau don ke kin yi boko ba."

Na zauna ina kallonta. Tsohuwa ce ƙarama, zaninta duk ɓawon gyaɗa, ta yi shekara hamsin tana riƙe da wannan, ta zauna gidan wani mijin, ta yi masa biyayya, ta binne shi, ba ta taɓa neman kowa ya tausaya mata ba.

"Miƙo mini faifan can," ta ce, "rana tana tafiya."

Na tashi na ɗauko, na durƙusa har ƙasa, na miƙa mata da hannu biyu.