Tarwaɗar da Baba Ya Sassaƙa

Jiya ina neman wata takarda a akwatin ƙungiyarmu ta masunta, sai hatiminmu ya faɗo min a hannu. Shekara uku ke nan da rasuwar wanda ya sassaƙa shi, wani dattijo mai rumfa a bakin kasuwar Haɗeja, kowa Baba yake ce masa. Bai taɓa zana abin da bai riƙe da hannunsa ba.

Ina sakatare muka yo hatimi na kwamfuta daga Kano, aka sa mana kifin teku. Dattawan garinmu Kirikasamma suka rantse ba za su dangwala yatsa a ƙarƙashin baƙon kifi ba, ga shi jibi za a kai takardar neman izinin kamun kifi. Na garzaya wurin Baba, duk da ana cewa idonsa ya yi rauni.

"Ɗana, je ka kawo min tarwaɗa mai rai," in ji shi.

Na kawo ta cikin ƙwarya. Ya shafa kanta, ya gyara tabarau, ya ɗauki reza. Wuni guda yana yankar robar da ba ta fi kwabo faɗi ba, ƙarnin kifi da warin tawada sun cika rumfar.

Washegari dattawan suka zo har rumfarsa aka buga hatimin a takardar. Sarkin ruwa ya kai takardar kusa da idonsa, ya ƙirga gashin bakin kifin.

"Takwas cif! Wallahi tamu ce!"

Aka ɗauki kabbara, kowa ya dangwala. Baba yana ta murmushi, yana goge yatsunsa da tsumma.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa.