Madam Ta Ce In Jira

Ni karatuna a aji huɗu ya tsaya, don haka idan na ce na sayi gida a Garki, kada wani ɗan boko ya tambaye ni faɗinsa da tsawonsa. Abin da na sani shi ne, in ka yi tari a falon, sai tarin ya je ya dawo ya gaishe ka. Ɗakuna uku ne a hawa na biyu na tsohon benen gwamnati, irin ginin da ƙusa ke lanƙwashewa in an buga ta. Unguwar shiru, ba kowa sai tsoffin daraktoci da hawan jininsu.

Dillalin da ya kai ni gani bai san na fi shi sanin gidan ba. Na daɗe ina direban mai gidan, wani darakta mutumin Filato, kafin in koma tifa ina kai yashi Lugbe, har Allah ya sa tifar ta hayayyafa. Sai dai sanina na ƙofar kicin ne. Ranar ce na fara shiga ta gaba, da takalmina, kuma na tabbatar kafet ɗin ya ji ni.

Oga ya tsufa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya dube ni ya ce, "Alhaji." Na so ya maimaita, sai na yi kamar ban ji ba. Asibiti ne ya cinye shi, shi ya sa zai sayar ya koma wani ɗan gida da ya gina a Kuje.

Sai ga Madam, matarsa, wadda ciwon mantuwa ya kama. 'Ya'yanta ma ba ta gane su, amma ni ta gane ni.

"Kai direba, ka wanke mota?"

"Na wanke, Madam," na ce. Dillali ya kusa haɗiye harshensa.

Oga ya ja ni baranda. Ya ce ƙafafunta kaɗai suka rage da sanin hanya: daga gado zuwa banɗaki, daga kicin zuwa tukwanen furanninta. In aka fitar da ita daga gidan nan, kuka take kamar yarinya. Likita ya ce ba ta da sauran nisa. In bar musu ɗaki ɗaya, har Allah ya yi ikonsa.

"Kai da Hajiya ku biyu ne, Alhaji. Gidan ya ishe mu."

Na gyara hula na ce, "Za mu duba, ranka ya daɗe." A bakinsa na koyi wannan karatun.

Lokacin ina direbansu, ranar da mahaifiyata ta rasu a Mararaba, da safe saƙo ya iske ni, Madam kuma za ta gyaran gashi Wuse. Na gaya mata. Ta yi min ta'aziyya har da dafa ƙirji, ta ce idan mun sa ranar binnewa in faɗa, za su ba ni hutu, har ma su zo. Ita a saninta gawa sai ta yi makonni a firjin asibiti ana ɗinka anko. Na ce mu yau ake yi, Madam, yanzu ma. Ta ce, "To ka jira ni, ba zan daɗe ba." Da na isa Mararaba, mutane na wanke ƙafa, sun dawo daga maƙabarta. Hutun kwana ukun da na roƙa kuwa, Oga har yau yana dubawa.

Ni ma na duba, mako biyu cur, sannan na aika dillali ya ce a'a. Hajiya, matata, ta ce in ji tsoron Allah, matar nan rashin sani ne ya sa ta. Na ce ina jin tsoronsa mana, shi ya sa da kaina zan kai su Kuje, kyauta.

Ranar tashi babbar mota ta kwashi kaya, ni kuma na buɗe wa Madam ƙofar baya. Ta sha ɗaurin kai, ta rungume jaka, ta zauna a kusurwar masu mota. Duk hanya faɗa take, wai gudu nake kamar ɗan tasha. A Kuje muka tsaya ƙarshen wani layi mara kwalta. Ta leƙa.

"Gidan wa ne wannan?"

"Ziyara muka zo, Mami," in ji Oga, yana kallon ƙasa.

Ta juyo gare ni. "Direba, ka jira ni, ba zan daɗe ba."

"To, Madam."

Ban kashe mota ba. Tana shiga na yi ribas, cikin natsuwa, don kada a ce ina gudu.

Kwanan baya Oga ya kira ni. Wai kullum da la'asar tana fitowa bakin get da jakarta, tana tambayar masu wucewa ko sun ga direbanta. Ko zan zo sau ɗaya, in ɗan zaga da ita? Daga ɗakin nata na amsa wayar, inda nake ajiye tsoffin tayoyin tifa. Na ce masa za mu duba.